Darasi na 7: Tukunya Cikin Tukunya

Kowace mace a karkara ta san randa tana sanyaya ruwa. Duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani kuma ya ji sanyinsa a hannu. Abu biyu ne da muka tashi muka tarar. To, in aka haɗa su fa?

Malam Mohammed Bah Abba ya haɗa su. A lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, gidansu kuma gidan maginan tukwane ne. A shekarun 1990 ya ga manoma suna karyar da kayan lambu a kasuwa don gudun ruɓewa, ga shi ba lantarki balle firji. Sai ya zura ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yalon da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex.

Ina sanyin ke fitowa? Ku tuna gumi. In iska ta busa wa mai gumi, sai ya ji sanyi. Haka ruwan yashin ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki. Randa ta daɗe tana yin haka, ruwa kawai muka saba ba ta ajiya. Yashin ne ke riƙe ruwan, ƙaramar tukunya kuma ta raba shi da kaya, tumatir ya sha sanyi bai jiƙe ba.

Ki samu tukwanen ƙasa biyu, marasa fenti. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki ɗora ƙaramar a kai har bakunansu su daidaita, ki cika gefe, ki jiƙa shi sosai. Ki sa tattasai ko alayyaho, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ƙuryar ɗaki ba ta yi, nan da yawa ke kuskure. A ƙara ruwa safe da yamma. Da damina aikinta yana raguwa, domin iska ta riga ta ƙoshi da laima.

Aikin gida: rubuta abu ɗaya da ke lalace muku a gida ko a gona. Ƙarƙashinsa rubuta kaya biyu da kuke da su, waɗanda ba ku taɓa haɗawa ba. A zo da shi ranar Laraba.