Yadda ake haɗa tukunyar naitirojin da jakunkunan iska na mota

A wasu motoci, musamman waɗanda matasa ke ƙawatawa a Amurka don nuni, akan cire sifirin na ƙarfe a sa jakunkunan roba masu ɗaukar iska a madadinsa, ta yadda direba zai iya ɗaga mota ko ya kwantar da ita har ta kusa taɓa ƙasa ta hanyar danna maɓalli. A tsarin da aka saba, ƙaramar kwamfuresa mai aiki da batirin mota ce ke cika tankin iska zuwa matsin psi 150 ko 200 (psi ma'aunin matsin iska ne), amma tana da ƙara, tana ɗaukar mintuna kafin ta cika tankin, kuma iskar da take zuƙowa tana ɗauke da danshi wanda ke taruwa ya zama ruwa, ya sa tanki tsatsa, ya lalata bawul. Wannan ne ya sa wasu ke komawa ga tukunyar naitirojin, domin iskar cikinta busasshiya ce, ba ta kama wuta, kuma tana cika tanki cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta taɓa batir ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara fahimta shi ne cikakkiyar tukunya tana ɗauke da matsi na wajen psi 2,000 zuwa 2,200, wato kimanin ninki goma na matsin da tanki da tiyon roba da jakunkuna suke aiki da shi. Saboda haka ba a taɓa haɗa tukunya kai tsaye da sauran kayan. Dole a ɗaura mata rigileta, wato na'urar rage matsi, ta babban matsi wadda aka ƙera don naitirojin, mai geji biyu, ɗaya yana nuna abin da ya rage a tukunya, ɗayan yana nuna abin da ke fita. Daga rigileta sai iska ta bi ta bawul mai hana komawa baya, ta shiga tankin da ke motar, daga nan ta wuce bawulolin da ke raba ta zuwa ƙafafu huɗu.

A kan wannan tanki wajibi ne a sa bawul mai sakin iska da kansa idan matsi ya wuce kima, a kuma zaɓi wanda ke buɗewa ƙasa da iyakar da aka rubuta a jikin tankin. A ganina babu wani abu a duk aikin da ya kai wannan ƙaramin bawul muhimmanci, domin rigileta takan lalace ta riƙa sakin matsi a hankali ko da mota tana ajiye, kuma idan babu mafita, tankin ne zai fashe.

Wajen ɗaure tukunya kuwa, a yi amfani da maɗaurai biyu na ƙarfe da aka kafe da noti a jikin motar, kada a dogara da igiya ko roba, sannan a juya kan tukunyar inda kaya ba za su buge shi ba. Idan bawul ɗin da ke kan tukunyar ya karye a haɗari, tukunyar za ta iya huda jikin mota ta fita. Zafi ma abin lura ne ga wanda ke ƙasa mai rana irin tamu, domin tukunyar da aka cika a ma'aunin zafi digiri 20 na Selsiyas idan ta kai 60 a cikin but, matsinta zai tashi daga psi 2,200 zuwa wajen 2,500. A nemi inuwa, a kuma duba tambarin ranar gwaji da ke wuyanta, wanda a Amurka yawanci ake sabuntawa duk shekara 5.

Ranar buɗewa ta farko, a sassauta maƙunnin rigileta gaba ɗaya, a tsaya a gefe ba a gaban geji ba, a murɗa kan tukunya sannu a hankali, sannan a riƙa ƙara matsin fita har ya kai adadin da masu ƙera tanki da jakunkuna suka yarda da shi. Bayan haka a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, duk inda kumfa ya tashi a rufe tukunya, a sauke matsi, a gyara. Yoyo a nan ya wuce asarar kuɗi, domin naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma idan ya taru a cikin rufaffiyar mota yana korar oksijin, mutum ya suma ba tare da ya ji alamar komai ba. Don haka but ɗin yana buƙatar kafar iska zuwa waje, kuma a rufe kan tukunya duk lokacin da aka ajiye mota.

Kada a kuskura a ari tukunyar oksijin ta masu walda don ana ganin duk iska ce. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da mai ko giris yana tayar da wuta nan take. A karanta rubutun jikin tukunya, kada a dogara da launin fentinta.

Sai batun ƙarewa. Tukunya mai ɗaukar lita 2,200 na gas za ta cika tanki mai lita 19 daga fanko zuwa psi 200 kamar sau 8 ne kawai, kuma ba a cika ta sai a wurin masu sayar da gas na masana'antu. Shi ya sa ya fi dacewa a bar kwamfuresa a wurinta da nata bawul mai hana komawa baya, ta riƙa ɗaukar hidimar yau da kullum, a ajiye naitirojin don lokacin da ake son ɗaga mota da sauri ko ranar da kwamfuresa ta ƙi aiki a hanya.