Yadda ake dawo da ƙarfin ƙafa ga mai amosanin gwiwa

Mai fama da amosanin gwiwa yakan ce ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ko gwiwar na sarewa idan zai sauka daga matakala. Akan ɗora laifin duka a kan guringuntsin da ya zaizaye, alhali babban abin da ke riƙe gwiwa shi ne tsokar gaban cinya, mai rassa 4 da suka haɗu a ƙoƙon gwiwa. Kuma ba ramewa kaɗai ke raunana ta ba. Idan gaɓar ta kumbura ko tana ciwo, jijiyoyin cikinta sukan aika saƙo zuwa laka ta cikin ƙashin baya, laka kuma ta rage umarnin da take ba tsokar. Sai ka yunƙura iya ƙarfinka amma wani sashe na tsokar ya ƙi amsawa, kamar mota mai lafiyayyen inji da aka taka wa birki. Ruwan da bai wuce mililita 20 zuwa 30 ba a cikin gwiwa ya isa ya fara jawo haka. Don haka sai an bi abin daki-daki.

Da farko ka kwantar da kumburin. Naɗe ƙanƙara a tawul, ka ɗora a gwiwa na minti 15 zuwa 20, sannan ka shiga motsa jiki. Sanyin yana sassauta wannan takurawar na ɗan lokaci, a wannan tsakanin ne tsokar ta fi jin kira.

Mataki na biyu shi ne tada tsokar, kuma a ganina nan ne aka fi yin gaggawa a yi asara. Zauna ka miƙe ƙafa, ka sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin gwiwa. Danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin har ka ga ƙoƙon ya ja sama, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki. Yi sau 10. Ɗora tafin hannu a cinyar, musamman ta ciki dab da gwiwa, ka ji ko ta yi tauri, ka kwatanta da ɗaya ƙafar. Kada ka raina wannan don ba ya sa gumi. Ƙarfin da ake samu a makonnin farko yawanci daga jijiyoyi yake zuwa, wato ƙwaƙwalwa na sake koyon kiran tsokar gaba ɗayanta. Kaurin tsokar kansa sai bayan mako 6 zuwa 8 yake fara bayyana.

Idan cinya ta fara amsawa, sai a ba ta aiki. Tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ka koma zaune a hankali kana ƙirga uku. Saukar ta fi tashin muhimmanci, domin ita ce irin aikin da cinya ke yi wajen sauka daga matakala. Yi sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, kwana 2 ko 3 a mako. Lura gwiwar ta tsaya saitin yatsun ƙafa. Idan tana karkatowa ciki, tsokar gefen ƙugu ce ke da rauni: kwanta a gefe guda ka riƙa ɗaga ƙafar da ke sama a miƙe.

Sai daidaito. Amosani yana dushe jin da gaɓa ke yi na inda take, shi ya sa mutum yake ɗaure tsokar gaba da ta baya lokaci guda yana tafiya a sandare, hakan kuwa ƙarin matsi ne ga gaɓar. Tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa 20 zuwa 30, daga baya ka gwada hawa da sauka a ƙaramar matakala.

Ciwo fa? Shirin GLA:D, na motsa jiki ga masu amosanin gwiwa da ƙugu, da aka fara a Denmak a 2013, yana auna shi daga 0 zuwa 10: har zuwa 5 ba laifi, muddin ya koma yadda yake kafin motsa jikin cikin awa 24. Idan ya wuce haka, rage yawan aikin, kada ka daina. Duk wata ka ƙirga sau nawa kake tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, ka rubuta. Amma idan gwiwa ta yi zafi da ja tare da zazzaɓi, ko ta ƙage, ko sharaɓa ta kumbura, ko ƙafa ta riƙa dindiris, ka dakata ka ga likita ba tare da jinkiri ba.