Kurakuran ɗan aikin sa-kai a ƙauyen Gambiya, da yadda ake gyara su

Tun shekarar 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya take tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, su yi aikin taimako na shekara biyu. Gambiya na cikin masu karɓarsu. Ni koyarwa ce ta kai ni wani ƙauyen Mandinka a gabashin ƙasar, wajen Basse, kuma yawancin abin da zan faɗa a kaina na fara ganinsa.

Babban kuskuren Bahaushe a can shi ne ganin kamar gida ya zo. Ka sauka ka ji kiran salla, ga goro a kasuwa, ga gonakin gyaɗa, ga dattawa da carbi, sai zuciyarka ta ce maka babu sabon abu. Bature ya san shi baƙo ne, don haka komai sai ya tambaya. Mu kuwa kamannin ne ke rufe mana ido, alhali kama da wane ba ta wane.

Ɗauki kalmar alkalo. Kunnen Bahaushe zai ji alƙali, amma mai gari ke nan, shi ke da ta cewa kan fili da baƙo da sulhun gari, sama da shi kuma akwai seyfo, kamar hakimi a wurinmu. Wanda ya sauke jaka ya wuce makaranta ko asibiti da takardarsa daga Banjul, babban birnin ƙasar, bai je gaishe da alkalo ba, ya shiga gari ta bayan gida. Babu wanda zai yi masa faɗa, sai dai ya kira taro ya ga mutum uku. Gyaran ba shi da wuya. A makon farko ka nemi abokin aikinka ɗan gari ya raka ka, ka riƙe goro, ka faɗi abin da ya kawo ka. Daga nan ka wuce gidan liman.

Sai maganar attaya, wadda na fi jin ciwonta. Shayi ne irin na Buzaye, ana dafa shi a ƙaramar buta bisa gawayi, ana juya shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Zubi uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma yakan ci awa guda ko fiye. Watannin farko ina shan kofin farko nake miƙewa daga bantaba, dandalin hirarsu na gindin bishiya, in ce zan je duba littattafan yara. A lokacin kuma ina ta fama da 'yan matan ajina da ba sa zuwa da wuri da damina, har na fara hukunta su. Ranar da na daure na zauna har zubi na uku, wani dattijo ya ce mini a hankali: "Malam, kafin su zo wurinka, fadamar shinkafa suke raka iyayensu mata." Noman shinkafa a wurin Mandinka aikin mata ne. Kunya ta kama ni ƙwarai. Muka mayar da darasin da suke rasawa bayan la'asar, magana ta mutu. Abin da mutane ba za su faɗa maka a ofis ba, a kofi na uku ake faɗarsa.

Kada ka dogara da Turanci don shi ne harshen gwamnati. Koyi gaisuwa tukuna. In an ce "Suumoolu lee?", wato ina mutanen gida, ka amsa "I be jee", suna nan. Mai jin Fulatanci zai samu sauƙi a yankin Basse, ko da yake nasu ya ɗan bambanta da na Adamawa.

A wajen cin abinci, kwano ɗaya ake haɗuwa. Ci gabanka. Kifi da kayan lambun da ke tsakiyar benachin, dafa-dukarsu ta shinkafa, ko naman domoda, miyar gyaɗarsu, uwar gida ce ke gutsurawa ta turo maka. Kuma kada ka kama cewa "a Najeriya ba haka muke yi ba". Wannan jimlar ta raba mu da mutane da yawa, domin ƙaramar ƙasa tana saurin jin ƙamshin raini.

In aka laƙa maka sunan dangi na gari, wani ya tare ka yana ce maka bawansa ko acici, kada ka ɓata rai. Wasan taubasantaka ne, irin na Fulani da Barebari, kamar yadda ƙabilun Jola da Serer ke yi a can. Ka rama cikin dariya.

Kuɗi kuwa, za a roƙe ka rance, don ana ganin kana da albashin waje. In ka ba wannan ka hana wancan, ka sayi gaba. Ka ware abin da za ka iya na dalasi, kuɗin ƙasar, don bikin suna da ta'aziyya da Tobaski, wato babbar salla, ka bayar a inda kowa ke bayarwa. Wanda ya ce ka nema masa aiki a Legas, kada ka ce "zan duba" in ba za ka duba ba, don shi alkawari ya ji.

Na ƙarshe shi ne riƙe aiki kai kaɗai. Na haɗa ɗan ɗakin karatu da hannuna, makulli a aljihuna, littafin aro da rubutuna. Da na tafi hutu na wata guda, ƙofar a kulle na dawo na tarar, gara ta fara cin kwalin ƙasa. Tun daga ranar na sa aka yanka makulli biyu, ɗaya wurin wata malama 'yar gari, ɗaya wurin shugabar kafo, ƙungiyar matan unguwa. Wata shidan ƙarshe ban ƙara buɗe ƙofar da kaina ba, sai dai in zo in tarar da yara a kan tabarma, malamar tana rubuta sunayen masu aro.