Kurakuran da aka fi yi wajen gwada tasirin motsa jiki da endofin a kan garkuwar jikin ɓeraye

A shekarun 1990, masu bincike a Gotenbog da ke Suwidin sun nuna cewa ɓeran da ya shafe makonni yana gudu a kan keken juyawa na cikin keji don raɗin kansa, ƙwayoyin garkuwarsa da ake kira NK kan ƙara kuzari wajen kashe ƙwayoyin cutar kansa. Sun kuma gano cewa sinadaran opiyoyid na cikin ƙwaƙwalwa, masu rage zafi, irin su beta-endofin, na da hannu a ciki. Gwajin yana da saurin lalacewa, kuma yawanci tun daga keji ake ɓata shi.

Babban kuskure shi ne tilasta wa dabba gudu. Ɓeran da aka ɗora a kan injin gudu ana tsikararsa da lantarki yana cikin firgici ne, kotikosteron ɗinsa, sinadarin da jiki ke saki a lokacin damuwa, ya hau. Tun a 1984 Shavit da abokan aikinsa suka nuna cewa girgizar lantarki da ake yi jefi-jefi a ƙafar ɓera na raunana ƙwayoyin NK, kuma naltrekson, maganin da ke toshe opiyoyid, na hana wannan raunin. Wato idan ka tilasta, wahala ka auna, ba motsa jiki ba. A saka keke a keji, a bar shi ya hau da kansa, a riƙa ƙirga juyin keken kullum. Ɓerayen da za a kwatanta da su ma a ba su keke, amma a kulle shi, domin kejin ya zama iri ɗaya.

Sai lokacin ɗibar jini. Ana cikin gudu adrenalin kan koro ƙwayoyin NK su cika jini, bayan awa ɗaya zuwa biyu kuma su ragu ƙasa da yadda suke a da. Mai son ganin tasirin horo na makonni sai ya jira awa 24 bayan gudun ƙarshe. Ɓera da dare yake gudu, kotikosteron ɗinsa kan kai ƙololuwa dab da faɗuwar duhu, don haka a tsayar da sa'a guda ga kowace dabba.

Wanda ya fi damun mu shi ne auna endofin a jini a ce na ƙwaƙwalwa ne. Na jini daga glandar fituwitari yake fitowa, kuma da ƙyar yake ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Haka ma allurar nalokson a ciki: tana toshe opiyoyid a ko'ina, ba za ta nuna inda abin ya faru ba, ga shi ƙarfinta na gushewa da wuri. Gyaran shi ne a ware rukuni a ba shi nalokson metiyodaid, wanda ba ya shiga ƙwaƙwalwa, wani rukunin kuma a zuba masa nalokson kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa ta siririn bututu da aka dasa a kai. Bayan tiyatar a ba dabba aƙalla mako guda ta farfaɗo. A tuna kuma bufrenofin da ake bayarwa don rage zafi shi ma opiyoyid ne, dole kowane rukuni ya sami kulawa iri ɗaya. Idan an kammala gwajin, a ɗura rini ta bututun a duba ko ya sauka daidai. Wanda ya kauce a cire shi daga lissafi.

Yawan ƙwayoyin NK daban, ƙarfinsu daban. A ƙirga su a jini da saifa, sannan a haɗa su da ƙwayoyin cutar kansa na gwaji da ake kira YAC-1 na awa 4 a ga nawa suka kashe.