Yadda Za Ka Gane Wuƙar Farauta Mai Kyau Kafin Ka Biya Kuɗi

Yan uwa mafarauta, in ka shiga kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada neman wuƙa, kar ƙyalli ya ruɗe ka.

1. Fara duba ƙota. Wuƙa ta gari ƙarfenta yana ratsa ƙotar har ƙarshe, za ka ga bakinsa tsakanin katako biyu da ƙusoshi sun riƙe shi. In ɗan guntu ne kawai aka cusa a roba, ajiye ta, ranar da za ka fasa ƙashin gada ranar za ta bar ka da ƙota a hannu.

2. Girgiza ta. In ka ji motsi, babu.

3. Karanta tambarin da ke jikin ƙarfen. Solingen gari ne a Jamus, Sheffield kuma a Ingila, duk sun shahara da wuƙaƙe, amma wallahi jabu sun cika gari, na gaske rubutun a sarari yake tsaf har da sunan kamfani, jabun kuwa ka goga yatsa sai fenti ya fara tashi, ga kuɗin da araha kamar kyauta.

4. Gwada kaifi da takarda, ta yanke sumul ba yagewa ba.

5. In ta maƙeranmu ce ta cikin birni, tambayi maƙerin wane ƙarfe ne. Ni na fi son ta sifirin ɗin mota, tana riƙe kaifi sosai, sai dai tsatsa, don haka shafa mata mai kafin ka mayar kube.