Yadda Ake Ɗanɗana Gahawar Da Ta Ci Gasa, Da Abin Da Ya Dace A Ci Da Ita

Ranar da gahawa mai lambar yabo ta fara shigowa hannuna, da kaina na wulaƙanta ta. Gram 100 ce kacal a 'yar jaka, wani abokina ya kawo mini tsaraba, irin nan da ake kira Geisha na ƙasar Fanama. Na haɗa ta, na yanko kek ɗin cakulan mai shegen zaƙi, na gutsura na kurɓa. Abin da ya sauka a harshena wani ruwa ne tsararo mai tsami, kamar shayin da ya kwana. Na ce a raina, ashe wannan ce ake ta kururutawa? Washegari da sassafe, ban sa komai a baki ba, na sake haɗawa na bar ta ta ɗan huce. Sai ga ƙamshin furen yasmin, ga wani zaƙi siriri irin na zuma, ga ɗan tsamin lemo a ƙarshe. Ashe kek ɗin ne ya yi mini fashi.

Kafin ka ɗora ruwa, ka san abin da lambar yabon take nufi. Gasar da ta fi suna ita ce Cup of Excellence, wadda aka fara a Brazil a 1999, Habasha kuma ta fara shirya tata a 2020. Alƙalai ba sa sanin gonar da kowace gahawa ta fito, lamba kawai ake manna wa kofi. A kan 100 ake ba da maki. Wadda ta kai 80 ta shiga sahun gahawa ta musamman, amma a wannan gasa yanzu sai an kai 87 kafin a shiga babban gwanjon da ake yi ta intanet. Ita kuwa Geisha, asalinta dajin Gesha ne a kudu maso yammacin Habasha, kuma duniya ta san da ita a 2004, lokacin da gonar Hacienda La Esmeralda da ke yankin Boquete a Fanama ta lashe gasar ƙasar da ita, aka sayi fam ɗaya na awo, wato kusan rabin kilo, dalar Amurka 21, kuɗin da a wancan lokaci ya sa 'yan kasuwa riƙe baki.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Alƙalan nan sun ba da makin ne da baki wankakke, babu sukari, babu madara, babu abinci. Sannan lambar ta girbi ɗaya ce, ta 'yan buhuna ƙidayayyu. Idan ka ga an rubuta a jikin jaka cewa daga gonar da ta ci gasa take, duba shekarar. Gona ɗaya tana fitar da ta gasa, tana fitar da gama-gari.

Ka sayi ƙwaya, kada ka sayi gari, kuma ka duba ranar da aka gasa ta. Ƙamshin gahawa yana fara gudu da zarar an niƙa, don haka sai ruwa ya kusa tafasa za ka niƙa, ɓarza-ɓarza kamar gishiri mai tsakuwa. Awon da masu wannan sana'a suke bi shi ne gram 8.25 ga mililita 150 na ruwa, zafin ruwan kuma ya kasance wajen digiri 93 a ma'aunin Celsius. In ba ka da ma'aunin zafi, sauke tafasasshen ruwa ka jira kamar minti ɗaya. Ruwa mai warin magani zai kashe maka komai, nemi mai kyau. Kada ka fesa turare, kada ka zo daga goge baki da man goge haƙori. Kuma kada ka ɗanɗana guda ɗaya tilo. Jera biyu ko uku, ko da ɗayar ta yau da kullum ce, domin harshe da kwatance yake gane abu.

Zuba garin a kofi ka sansana shi a bushe tukuna. Sannan ka kwarara ruwan har baki, ka ƙyale shi minti 4 ba tare da ka motsa ba. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Nan ne wurin da na fi so. Sunkuya har hancinka ya kusa taɓa kofin, ka sa bayan cokali ka tura ɓawon nan gaba sau uku. Duk ƙamshin da ya taru a ƙarƙashinsa zai taso maka lokaci guda, kuma daƙiƙu kaɗan yake yi ya wuce. Sai ka kwashe kumfar da sauran garin da ke yawo a sama, ka ɗauraye cokali, ka koma kofi na gaba.

Kada ka yi garajen kurɓa, harshen da ya ƙone ya gama aiki a ranar. Bari a kai kamar minti 10 da zuba ruwa. Ɗebo da cokali mai zurfi, ka zuƙe da ƙarfi har a ji ƙara, fuuut. Na san babu kyan ji, ni ma da fari sai na rufe ƙofa nake yi. Amma da dalili. Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan irin na romon nama. Duk sauran, su fure da lemo da gardi, hanci ne ke kama su ta bayan maƙogwaro, kuma zuƙar nan ce ke watsa gahawar ta tura ƙamshinta can. Toshe hancinka ka kurɓa ka gani, ba za ka ji komai ba sai ɗaci da tsami. In kofunan suna da yawa, ajiye wani kofi na tofarwa, in ba haka ba za ka kwana ido biyu.

Ɗanɗana sau uku: da zafinta, da ɗuminta, da kuma bayan ta huce sarai. A na ukun ne asiri yake tonuwa. Gahawa mai kyau tana ƙara zaƙi in ta huce, marar kyau kuwa sai bauri da ƙauri su fito fili. Ka lura da irin tsamin, na tuffa ne mai sa yawu ya tsinke ko mai yaƙushin harshe. Ka lura da nauyinta a baki, kamar shayi take ko kamar madara. Sai abin da ya rage bayan ka haɗiye, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Sunayen 'ya'yan itatuwa da ake jerawa a jikin jaka, ba zuba su aka yi ba, kwatance ne. In an rubuta lemo kai kuma mangwaro ka ji, rubuta mangwaro a littafinka.

To, sai maganar abinci. Dabarar gwaji mai sauƙi ce: kurɓa, gutsura, sake kurɓa, ka ga me ya ƙaru, me ya ɓace.

Zaƙi shi ne babban ɓarawo. Duk abin da ya fi gahawar zaƙi zai dakushe harshenka, ɗan zaƙinta ya ɓace, a bar ka da tsami da ɗaci. Abin da ya same ni ke nan. Saboda haka marasa nauyi, irin Geisha ko ta Yirgacheffe a Habasha wadda aka wanke ƙwayarta kafin shanya, abu mai sauƙin kai suke so: burodi da man shanu, biskit marar sukari sosai, ko kek mai ɗan ɓawon lemo. Ni a ganina ma, Geisha ta gaske kofin farko a sha ta ita kaɗai.

Wadda aka shanya da ɓawonta kuwa, kamar yadda ake yi da yawa a yankunan Guji da Sidama na Habasha, zaƙin 'ya'yan itacen yana ratsa ƙwayar, sai ta fito da ɗanɗanon zabibi da kauri. Wannan tana iya tsayawa gaban baƙar cakulan mai kashi 70 cikin ɗari na koko. Bar gutsuren ya narke a harshe kafin ka kurɓa, kada ka tauna.

Ta Kenya, musamman nau'in da ake kira SL28, tsaminta kaifi gare shi, wani lokaci har da ɗanɗanon tumatir. Maiƙo take so. Haɗa ta da cuku mai laushi ko ƙwai da aka soya da man shanu, za ka ji tsamin yana wanke maiƙon daga ganɗa, kowace loma ta dawo sabuwa. Ta Brazil ba ta da rigima, gardin gyaɗa da cakulan gare ta, tsami kaɗan, tana tafiya da almon da kusan duk wani kek, kuma ita ce za ta jure madara in ba ka iya rabuwa da ita.

Gishiri yana danne ɗaci. In ka sami wadda aka gasa ta yi duhu, gwada ta da wani abu mai ɗan gishiri, za ka ji ta yi laushi. Yaji kuwa na daina wahalar da kaina, zafin barkono da zafin kofi in suka haɗu ba ka jin komai sai raɗaɗi.

Haɗin da ya fi ba ni mamaki na gahawar Sumatra ne ta Indunusiya. A can ana ɓare ƙwayar tun tana da danshi, shi ya sa take da nauyi da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Na daɗe ba na ƙaunarta, sai ran da ragowar kofi ta haɗu da wani tsohon cuku mai tauri da gishiri a kan teburina. Ƙamshin ƙasar nan ya koma gardi, ɗacin ya kwanta, har na tashi na ɗora wani ruwan.