Yadda asibiti zai sa majiyyaci ya tafi gida da maganinsa a hannu

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya bi diddigin takardun magani kusan 196,000 da likitoci suka aika ta kwamfuta, ya tarar da kashi 28 cikin 100 na sababbin magungunan da aka rubuta ba a je an karɓa ba. Nisa, dogon layi, tsada da gajiyar rashin lafiya su ke tare mutum tsakanin ɗakin likita da kemis. Shi ya sa aka fito da tsarin ba da magani a inda aka duba majiyyaci. A Amurka, kamfanin InstyMeds na jihar Minnesota yana girke na'ura mai fitar da magani a sashen gaggawa: likita ya rubuta, a ba majiyyaci lamba, ya shigar, ya biya, magani ya fito da takardar bayaninsa. A Afirka ta Kudu an buɗe irin wannan na'ura a unguwar Alexandra ta Johannesburg a 2018 domin masu cutar da ake daɗewa ana shan magani, sannan akwai akwatunan Pelebox na Neo Hutiri, waɗanda ake buɗewa da lambar da aka tura ta waya.

Kafin a sayi komai, a fara da doka. A Amurka kowace jiha da nata sharaɗin kan likita ya ba da magani da kansa. A Najeriya Hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna, ita ce ke ba wurin ajiye magani da rabawa lasisi, NAFDAC kuma ke rajistar maganin. A samu mai harhaɗa magunguna da zai ɗauki nauyin wurin tun daga ranar farko.

Sai zaɓen abin da za a loda, kuma nan ne aka fi yin kuskure. A ɗauko rajistar asibiti ta wata shida ko shekara, a fitar da magungunan da aka fi rubutawa, a tsaya a kansu. Na'ura ba ta ƙirga ƙwaya ɗaya-ɗaya daga babban gwangwani. Ƙunshi take fitarwa wanda aka riga aka shirya, don haka dole kowane ƙunshi ya dace da cikakken zagayen magani. Dubi maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine mai ƙarfin miligiram 20/120. Ana shan sa sau biyu a rana har kwana 3, adadin kuma da nauyin jiki yake tafiya: kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 6 ke nan gaba ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 12, 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 18, daga 35 zuwa sama ƙwaya 24. Ƙunshi huɗu ne daban-daban, kowanne da gurbinsa. In aka loda na 24 kaɗai, ma'aikaci zai koma yanka katin magani da almakashi, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi su tafi da ɓangaren da aka yanke. Saboda haka a saita manhajar na'urar ta ƙi karɓar rubutun maganin yaro sai an shigar da nauyinsa.

Tiramadol da sauran magungunan da ake sa wa ido kada su shiga na'urar da ba mai tsaronta. Su zauna a akwati mai makulli da littafinsu.

Wajen lodi, a riƙa karanta lambar bakod (zanen lambar da ke jikin kaya) ta kowane kwali da na'urar karantawa, ba a rubuta da hannu. Bakod mai murabba'i na tsarin GS1 yana ɗauke da lambar magani, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi. Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne a gaba, ko da shi ya iso daga baya. A sake karanta bakod ɗin lokacin fitarwa, domin nan ake kama, misali, maganin hawan jini amlodipine mai miligiram 10 da ya faɗa gurbin mai 5, kwalayen nan kuwa sau da yawa kamarsu ɗaya.

Zafi ba abin wasa ba ne. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yana haura 40. Na'urar ƙarfe a baranda tanda ce. A sa ta a ɗaki mai sanyi, da ma'aunin zafi da ake dubawa safe da yamma a rubuta. Insulin, allurar masu ciwon sukari, na buƙatar firij tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. A haɗa na'urar da inbata ko sola, a kuma tanadi littafi da makullin buɗewa da hannu don ranar da intanet ya ɗauke, a shigar da komai cikin kwamfuta da zarar ya dawo, in ba haka ba lissafin kaya zai ɓaci.

Takardar da ke manne a jikin magani ta ƙunshi sunan majiyyaci, sunan magani da ƙarfinsa, yawan da za a sha, lokaci, kwana nawa, da lambar wayar asibiti. Wanda bai iya karatun boko ba, sai a yi masa zanen rana da wata, ko a ɗaura lokacin da sallah: bayan Asuba, bayan Magariba.

Abin da na'ura ba ta iya yi shi ne bayani, kuma bai kamata a sallami kowa ba tare da shi ba. A tambaya: “Baba, akwai maganin da ke sa maka ƙaiƙayi ko kumburi? Akwai wanda kake sha yanzu, ko na gargajiya?” A gaya wa uwa cewa kashi na biyu na maganin zazzaɓin cizon sauron nan bayan awa 8 ne, kuma da madara ko abinci mai maiƙo ya fi shiga jiki. Garin amoxicillin na yara a haɗa shi a gabanta da ruwa mai tsabta daidai layin kwalba, a ba ta sirinji ko cokalin awo, don cokalin gida ba ya da ma'auni. Sannan a ce ta maimaita abin da ta ji da bakinta. In ta yi kuskure, a sake bayani nan take kafin ta ɗauki jakarta.